Tambayar gasar furogiramin: wane aiki za ka fara ɗauka?

Tambaya: Salam malam, ni ɗalibin kwamfuta ne daga Ƙofar Ƙaura a Katsina, ina atisayen gasa a shafin CSES (shafin intanet mai tambayoyin atisayen furogiramin) sai na maƙale a wata tambaya, an ba ka abubuwa da yawa kowanne da lokacin farawa da na ƙarewa, wai ka zaɓi mafi yawa da ba za su ci karo ba. Na jera su da wanda ya riga farawa amma kullum sai a ce amsata ba daidai ba ce. Don Allah mi na ɓata?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena, kai dai kod ɗinka ƙila lafiya lau yake, jerin ne ba a nan yake ba. Ɗauki mai ɗaukar hoton biki ranar Asabar, shi kaɗai ne da kyamara ɗaya. In ya ce wanda ya riga farawa zai bi, ga wani biki daga 9 na safe har 5 na yamma, shikenan ya cinye mashi yini alhali akwai ƙananan walima uku a tsakiya da zai iya yi duka. Wasu kuma sai su ce to a ɗauki mafi gajarta, wannan ma tarko ne, duba: ɗaya 10 zuwa 1, ɗaya 1 zuwa 4, ga wani gajere 12 zuwa 2, in ka ɗauki gajeren ya shiga cikin duka biyun ka tashi da guda ɗaya maimakon biyu.

Abin da za ka yi shi ne ka jera su da lokacin ƘAREWA. Ka ɗauki wanda ya riga kowa gamawa, ka riƙe lokacin da ya gama, ka bi jerin, duk wanda farawarshi ba ta gaza wannan lokacin ba ka ɗauke shi ka sabunta lokacin da ka riƙe zuwa ƙarewarshi, saura ka tsallake. Kuma don Allah kar ka haddace kawai, ka gane dalili, don shi zai cece ka a gasa: ko wane zaɓi ne mafi kyau a duniya, in ka cire na farkonshi ka sa wanda ya riga gamawa, ba abin da zai lalace tunda ya bar maka fili da wuri, adadin bai ragu ba.

A wannan tambayar ta CSES abubuwan kan kai 200,000 kuma daƙiƙa ɗaya aka ba ka, saboda haka batun gwada kowane haɗi ma bai taso ba, guda 60 kacal haɗinsu ya haura biliyan sau biliyan. Jerawa kuwa matakai miliyan kaɗan ne. A yaren furogiramin na C++ sa ƙarewa a gaba cikin pair (ma'ajin lambobi biyu tare) sai sort (umarnin jerawa) ta yi maka aikin. Ka kula da alamar kwatanta farawa da lokacin da ka riƙe, >= ce ba > ba, don an yarda wani ya fara daidai lokacin da wani ya ƙare, nan yara da yawa ke zubar da maki.

Amma fa in ka ga an ce kowane aiki da kuɗinshi kuma kuɗi mafi yawa ake nema, wannan dabarar ba za ta yi ba, biki ɗaya mai tsoka zai iya fin ƙanana uku, can sai ka koma dainamik furogiramin (dabarar ajiye amsoshin ƙananan sassa kana ginawa a kansu), a kowane aiki ka auna ɗaukarshi da barinshi.