Tambaya da Amsa: Gas ɗin akwatin renon ƙwayoyin cuta yana ƙarewa da wuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, inda muke renon ƙwayoyin cutar da ba sa rayuwa a cikin iskar oksijin, a rufaffen akwatin nan mai hannayen roba biyu. Tukunyar gas da a da takan kai mu makonni yanzu cikin 'yan kwanaki take ƙarewa, alhali takardar resazurin da ke ciki, wadda launinta ke nuna ko oksijin ya shiga, ba ta sauya launi ba. Shin yoyo ne, kuma ta yaya zan gano inda yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika bayyana alamar yoyo ce, kuma kada farin takardar ya kwantar miki da hankali. Matsin iskar cikin akwatin yakan ɗan ɗara na ɗaki, saboda haka idan kafa ta samu gas ne yake fita, na'urar kuma ta yi ta cike gurbinsa daga tukunya. Shi ya sa tukunya take riga takarda faɗin gaskiya, don takardar ba ta komawa ruwan hoda sai oksijin ya shiga ya zauna.

Ki fara daga waje. Ki rufe bawul ɗin da ke kai gas cikin akwatin, ki buɗe tukunya har agogon regileta ya tashi, sannan ki rufe ta ki zuba wa allurar ido. Idan ta yi ta sauka, matsalar tana tsakanin tukunya da tiyo, sai ki shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ki jira kumfa. Ƙaramin yoyo ba ya saurin nuna kansa. Wani lokaci sai bayan minti ɗaya ko biyu za ki ga ƙananan kumfa sun taru kamar ƙwan kwaɗo.

Idan wajen lafiya lau ne, ki toshe kafofin hannayen da murafunsu, ki kulle ƙofar ƙaramin zauren da ake shigar da kaya, ki rubuta matsin da ma'auni ya nuna, ki dawo bayan rabin awa. Ki tabbatar zafin ciki ya daidaita a kan digiri 37 ɗinsa kafin ki fara, domin iskar da ke hucewa matsinta yakan ragu ko da babu kafa, kuma wannan ya sha sa mutane neman abin da babu shi. Idan matsin ya tsaya cak da murafu amma ya faɗi da zarar an cire su, to hannayen roba ne, kuma a ganina su ne suka fi cancantar zargi tun farko. Kullum ana lanƙwasa su, zobe da awarwaro da farce suna cinsu, roba kuma tana tsagewa idan ta tsufa. Ki cire hannun, ki hura shi, ki murɗe bakinsa, ki nutsa shi a bokitin ruwa yadda mai faci yake yi wa tub, kina dannawa musamman tsakanin yatsu da wajen da zoben roba yake riƙe shi. Daga nan sai robar bakin ƙofofi, wadda ɗan datti kaɗan ya isa ya hana ta kamawa.

Kada a kusanto da ashana ko wata wuta, kamar yadda wasu suke gwada gas ɗin girki. Gaurayen da ake amfani da shi yana ɗauke da haidurojin kashi 5 ko 10 cikin ɗari, sauran naitirojin ne da kabon-dayoksaid, haidurojin kuwa yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. A buɗe tagogi yayin aikin, a kuma nisanta ruwan sabulu daga wayoyin lantarki.

Idan wata rana takardar ta yi ruwan hoda amma gas bai ƙara saurin ƙarewa ba, ki fara tuhumar ƙwayoyin ƙarfen faladiyam na cikin akwatin, waɗanda ke haɗa oksijin da haidurojin su zama ruwa. Danshi da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da wasu ƙwayoyin cuta suke fitarwa suna raunana su. Akan farfaɗo da su ta gasawa a digiri 160 na awa biyu, idan littafin na'urarku ya yarda da hakan, in ba haka ba a sa sababbi.