Baƙin layi a gefen farin cikon haƙori: shin tsutsa ce ta dawo?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Bara aka yi mini farin ciko a haƙorina na turmi na ƙasa, yanzu kuma ina ganin wani siririn baƙin layi a gefensa, kuma idan na sha ruwan sanyi sai in ji ya tsirga mini. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce ta dawo. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki yi sakaci. Alamomin da kika faɗa suna nuna cewa wataƙila bakin cikon ya fara rabuwa da jikin haƙorin. Farin ciko yakan ɗan tsuke lokacin da ake busar da shi da fitila mai shuɗin haske, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa, kuma wannan tsukewar ce take jan gefensa har a sami 'yar kafar da ido ba ya gani, wadda yawu da ƙwayoyin cuta suke kutsawa ta cikinta. Shi ya sa muke fara goga asid mai ƙarfin kashi 37 na daƙiƙa 15 zuwa 30, mu wanke, mu shafa gam na musamman, sannan mu zuba cikon kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce milimita 2 ba. Ɗigon yawu ɗaya idan ya taɓa wurin yana iya lalata aikin duka, don haka ake killace haƙorin da shimfiɗar roba.

Maganar tsutsa kuwa, ita ce abin da ya fi ɓata mini rai, domin kullum sai na ji ta. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid ɗin da yake cinye haƙorin. Masu turara hayaƙi a bakin mutane a kasuwa, su nuna musu wani farin abu a cikin kwano su ce ga tsutsar ta fito, kuɗinsu kawai suke ci, ruɓewar kuma tana nan tana ci gaba a ƙarƙashin cikon. Bayan kwana biyu ciwon ya lafa, sai mutum ya ce magani ya yi, alhali sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Daga nan sai a zo mana da kumburarren kumatu da ruwan ƙurji, a haƙorin da da an kawo shi da wuri gyaran minti ashirin ya ishe shi. Wasu ma har ruwan batir suke ɗigawa, su ƙone dasashinsu.

Ki je a duba, a ɗauki hoton haƙorin. Idan tabon shayi ne ko na goro kawai, za a goge gefen a sake liƙe shi da gam mai ruwa-ruwa. Idan ruɓewa ta shiga, dole a cire cikon a sabunta. Kafin nan kada ki sa man kanumfari, domin yana hana sabon cikon kamawa sosai.