Tambaya da Amsa: Wa Ke Shan Datar Shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Zariya, kuma na'urar Wi-Fi guda ce ke haɗa kwamfutocina uku. Datar da a da take kai mu wata, yanzu ba ta wuce mako biyu, kuma da yamma sai in ga samari sun jingina da bangon shagon, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. An ba ni shawarar in ɓoye sunan Wi-Fi ɗin, na ɓoye, amma ba ta canza zani ba. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɓoye suna ba kariya ba ce, domin wayar da ta taɓa shiga tana iya ci gaba da shiga, kuma akwai manhajojin kyauta da ke tono ɓoyayyen suna cikin ɗan lokaci. A ganina ma, da wuya a ce fasa maka na'ura aka yi. Wayoyin Android tun daga siga ta 10 suna iya nuna kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin hoton lambar QR, saboda haka idan ka taɓa shigar wa mutum ɗaya kalmar a wayarsa, yana iya raba ta ga duk majalisarsu ba tare da ya furta ko harafi ɗaya ba.

Ka juya na'urar, za ka ga takarda manne a ƙasanta ɗauke da adireshin shafin saituna, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Ka rubuta shi a burauzar kwamfutarka, ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga su. Idan kana da kwamfuta uku da waya ɗaya amma ka tarar da goma sha biyu, to ka samu amsarka.

Mutane da yawa ba su san cewa makullai biyu ne ba. Akwai kalmar shiga Wi-Fi, akwai kuma ta shiga shafin saitunan kansa, wadda a na'urori da dama take zuwa daga masana'anta a matsayin "admin". Wanda ya shiga wannan shafi ya fi mai shan data haɗari nesa ba kusa ba, domin yana iya karkatar da kwamfutocinka zuwa shafukan bogi, alhali a kansu ne ake shigar da lambobin shaidar ɗan ƙasa da bayanan bankin abokan cinikinka. Ka sauya duka biyun. Kalmar shiga Wi-Fi tana karɓar haruffa 8 zuwa 63, don haka ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka guji lambar wayarka da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago.

A wajen zaɓin nau'in tsaro, ka ɗauki WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 idan na'urar ba ta da shi. Tsohon nau'in da ake kira WEP kuwa ka guje shi, domin tun 2001 masana suka fallasa rauninsa. Sannan ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da Wi-Fi ta danna maɓalli ko shigar da wata lamba maimakon kalmar sirri. A 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa na'urar tana tantance lambar WPS mai alƙaluma 8 ne rabi-rabi, abin da ya sa mai kutse ba ya buƙatar fiye da gwaji kusan 11,000 kafin ya dace, kuma da zarar ya dace na'urar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrin, komai tsawonta. Idan akwai wurin sabunta manhajar na'urar, ka sabunta ta.

Na san hana maƙwabci abu yana da nauyi a wurinmu. Idan kunya ba za ta bari ka ce a'a ba, ka duba ko na'urarka tana da sashen baƙi, wanda ke ba da intanet ba tare da kai mutum ga kwamfutocin shago ba. Ka ba shi kalma ta daban, ka riƙa sauya ta duk ranar da ka sayi sabuwar data, kuma ka kashe na'urar idan za ka rufe shago.