Amsa kan maganar zuba rikodin ɗin hira a guruf

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kina da rikodin hirarrakin da kika yi don bincikenki da matan da suka rasa mazajensu a rikicin Jos, kina so ki zuba su nan a rarraba a taya ki mayar da su rubutu, tunda ai kin cire sunaye. To, kar ki tura, ko guda ɗaya. Na san lokaci ne ya ƙure miki kuma babu kuɗin biyan mai aiki, za mu zo kan wannan.

A Jos cire suna ba ya ɓoye mutum. Muryarta fa tana ciki. A ce mace ta faɗa miki tana suyar ƙosai a Gangare, mijinta makanike ne, ya rasu a rikicin Nuwamba 2008, wallahi a guruf ɗin nan akwai wanda zai gane ta kafin ta rufe baki. Garin da tun 2001 unguwa kaɗai ke faɗin addinin mutum? Ki ce Angwan Rogo, an gane. Ki ce Angwan Rukuba, an gane. Kuma irin wannan hirar, mace idan ta saki jiki har wanda take zargi da kashe mijinta za ta ambata. Rikodin ya shiga wayar mutum sama da ɗari, yara na wasa da ita, gobe tana wajen mai gyara. Wa zai kare ta?

Sannan takardar amincewar da kika karanta mata, me kika ce a ciki? Na tabbata ke da malaminki kika ce za ku ji. A kan haka ta yarda. Mu ba ta san da zamanmu ba.

Doka ma tana nan. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, hukumarta NDPC tana Abuja. Addini, ƙabila, lafiya, ra'ayin siyasa, duk ta ware su cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu, kuma hirarki babu wanda ba ta taɓo ba.

Abin da ke ɓata min rai, mu 'yan kimiyyar zamantakewa muna ɗauka wannan magana ta likitoci ce. Ku tuna Kano, 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, yara kusan 200 a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙi allurar shan inna a 2003, wannan labarin yana cikin hujjojin da mutane suka riƙe. Ban ce rikodi da magani ɗaya ba ne, a'a, kar wani ya juya min magana. Amma cin amanar wanda ya yarda da kai, wanda zai zo bayanka shi ke biya.

Ni na gani da idona. Bayan rikicin Janairu 2010 wata ƙungiya ta ɗauke ni tafinta. Da bakina na gaya wa wata baiwar Allah cewa hoton nan na ofis ne kawai, don haka suka ce in faɗa. Rahoto ya fito, fuskarta ce a bango, tana kuka. Su sun koma Abuja, ni nake bin layin nan kullum. Dangin mijinta suka ce ta sayar da mutuwar ɗansu an ba ta kuɗi, alhali ko sisi ba ta gani ba. Na kira, na rubuta, babu wanda ya amsa. Har yau in ka shiga layin da takarda da biro, ƙofa ake turo maka. Kuma fa mutanen nan sai da suka ba mu horo kan ɗa'ar bincike kafin mu fita!

To, ga yadda za ki yi. Ki nemi mutum biyu da kika amince da su, waɗanda ba 'yan unguwar matan ba, ki sanar da malaminki, su sa hannu a takardar riƙe sirri. Ki ba su a filash, hannu da hannu, da lambar sirri a kai, in sun gama su goge a gabanki. Kowace mace ki ba ta lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna ki kulle ta daban. A rubutun ki ce "wata unguwa a Jos ta Arewa", ki ce "ƙaramar sana'a". Ki duba wayarki ma, kar a ce tana tura su Google Drive da kanta.

Ni zan ɗauki guda uku kyauta in malaminki ya yarda. Ki same ni a sashenmu ranar Litinin bayan azahar, ki taho da takardar amincewar in gani.