Kunya ce ke damun 'yata, ko lalura ce?

'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 14 jikinta kan ɗauki rawa duk lokacin da malami ya kira sunanta a aji, har ta fara kukan ciwon ciki don kada ta je makaranta, kina tambaya ko kunya ce kawai.

Abin da kika bayyana ya fi kama da lalurar tsananin fargabar shiga mutane, wadda galibi takan fara bayyana a wajen shekara 13. Mai kunya yakan saki jiki idan ya saba da wuri, amma mai wannan lalura tsoron kada a yi masa dariya yakan mamaye shi har ya hana shi karatu da yin abokai, kuma likitoci sukan duba ko alamomin sun kai wata shida.

Ina roƙonki kada ki riƙa barinta a gida, domin sauƙin da take samu na ɗan lokaci ne, tsoron kuwa ƙaruwa yake yi. Tsawa ma ba ta magani. Abin da ya fi tasiri shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai taimaka mata ta gyara tunaninta, ta kuma fuskanci abin da take tsoro mataki-mataki, kamar karatu a gaban ƙawa ɗaya kafin gaban aji duka. Ki sanar da malaminta, ki kuma tambaye ta cikin lalama ko ana cin zalinta. Idan ta ambaci cutar da kanta, ki kai ta asibiti nan take.