Amsa ga mai tambaya kan ajin AP Research

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki zai shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, a nan Amurka, an ba shi damar ɗaukar AP Research, amma sai ya ajiye AP Calculus, wato darasin lissafi mai zurfi, shin zai taimake shi wajen neman jami'a? AP dai darussa ne na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare. 'Yata ta yi ajin, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Hukumar College Board, mai kula da darussan AP, ita ce ta fito da tsarin AP Capstone a 2014, wanda ya haɗa darussa biyu. Sai yaro ya yi AP Seminar tukuna, sannan AP Research. A Research ɗin babu jarrabawar zama a aji. Yaro zai zaɓi tambayarsa, ya shekara yana bincike, ya rubuta takarda mai kalma 4,000 zuwa 5,000, ita ke ɗauke da kashi 75 na maki. Sauran 25 ɗin, zai tsaya ya gabatar, a yi masa tambayoyi ya kare aikinsa.

Abin da ban sani ba sai daga baya: ana miƙa takardar a ƙarshen Afrilu, sakamako ya fito a Yuli, alhali neman jami'a galibi tun Nuwamba zuwa Janairu aka gama shi. Wanda ya yi a aji 12, jami'a ba za ta ga makinsa ba kafin ta yanke hukunci. Kuma jami'ar da 'yata ta shiga ba ta yafe mata ko kwas ɗaya na dole ba saboda shi.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Ta yi bincike ne kan abin da iyalai 'yan Afirka ta Yamma a garinmu suka sani game da sikila. Sai da kwamitin makaranta ya amince da tambayoyinta kafin ta raba ko takarda ɗaya. Mutane kaɗan suka cike, ta yi kuka, ta sake bin masallaci ranar Juma'a tana roƙo. Cikin azumi, bayan sahur ba ta komawa barci. Teburin cin abincinmu ya cika da takardu masu jan layi. Malamar da ta ga wannan wahalar ita ta rubuta mata wasiƙar shaida, kuma labarin ne 'yata ta sa a rubutun neman gurbinta. Da ta shiga jami'a, aikin shafi 15 bai girgiza ta ba.

Amma ajiye Calculus? In injiniyanci ko kwamfuta yake so, kada ki yarda, don lissafin za su fara dubawa. Ki je wurin mai ba ɗalibai shawara, a duba ko akwai wani darasin da za a cire. Ki kuma zaunar da shi ki tambaye shi: akwai abin da yake son sani har zai iya shekara a kansa? In ya yi shiru, a bar shi da lissafinsa. Allah ya yi masa albarka.