Shekara 12 Ina Koyar Da Walda A Kwaleji, Me Ya Sa Sakandare Ke Neman Lasisi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 12 ina koyar da walda a kwalejin fasaha. Wata sakandare ta nemi in riƙa zuwa sau biyu a mako ina koyar da ɗalibanta, sai aka ce dole in samo lasisin koyarwa. Yanzu wanda ya yaye masu difloma ne za a ce bai isa ya tsaya gaban 'yan sakandare ba? — Wani malamin walda

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji zafin abin a wasiƙarka. Hannunka dai babu mai tuhuma, riƙon yara ne lasisin yake tambaya.

Na taɓa leƙa ɗakin koyon sana'a na wata sakandare, na ga yaro da bai wuce shekara 14 ba ya ɗage tabarau kan goshi, ya kunna injin gurza ƙarfe, yana waige yana yi wa abokinsa dariya. Tartsatsi na wucewa ta gefen idonsa, malamin yana can ƙurya wajen wani ɗalibin. Ɗalibinka na kwaleji baligi ne, shi ya zaɓi sana'ar, faɗa ɗaya ta ishe shi. Wannan kuwa amana ce iyaye suka damƙa wa makaranta, in ya ji ciwo kai za a tsare da tambaya.

Amma ina bayanka a abu guda: bai kamata a maida kai farko ba. A Ingila, bayan rahoton Farfesa Alison Wolf na 2011 kan ilimin sana'a, tun daga Afrilun 2012 malamin kwaleji mai shaidar QTLS, wato shaidar ƙwarewa a koyarwa ta malaman kwalejoji, yana iya koyarwa a makarantu da matsayin cikakken malami, muddin yana cikin ƙungiyar da ke ba da shaidar. A Amurka kowace jiha ke ba da nata lasisin, kuma da yawa suna ƙirga shekarun da mutum ya yi a sana'a, su ba shi na wucin gadi, ya fara aiki yana ƙarasa kwasa-kwasan koyarwa. Ba don alheri ba ne fa, ƙarancin malaman ne ya matsa musu, don gwanin walda ya fi samu a kamfani.

Ka ɗauki takardunka ka je hukumar rajistar malamai, ka tambaya ko suna da irin wannan gajeriyar hanya. Kafin ka sa hannu da makarantar kuma, ka ƙirga garkuwar fuska nawa ce a ɗakin, yara nawa ne a ajin.